Binne a Gonar Gawo

Wata bakwai na yi a makarantar Tudun Marke kafin Inna ta zo duba ni. Ranar Lahadi ce bayan azahar, a tsakiyar bazara. Ba a barin iyaye su shiga, sai dai su tsaya a bakin waya, mai gadi ya ƙwala wa yaro kira. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari, don haka ta ce wa mai gadi ya kira mata yayan Asama'u. Shi kuwa ya shigo tsakar makaranta yana ihu, "Wane ne yayan Asama'u?" Yara suka kwashe da dariya, ni na taso.

Na same ta a tsugune a gindin darbejiya. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta turo min ƙullin aduwa ta ƙasan waya, muka gaisa. Ta tambayi abinci, na ce ana ba mu sau biyu a rana. Ta ce alhamdu lillahi. Sai ta hau zanen ƙasa da tsinke.

"Inna, faɗi abin da ya kawo ki."

"Baffanka Usaini ya fara kai taki gonar gawo."

"Da izinin wa?"

"Izinin wa zai nema? Ya ce gona ba ta jiran yaro. Ya ce kai gwamnati ta ɗauke ka shekara uku, ni mace ce, Asama'u yarinya ce. Kullum jakinsa yana hanya."

"Irin fa?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. "Yana inda yake. Ko ƙwaya ɗaya ba mu taɓa ba."

Gonar gawo ita kaɗai mahaifina Basiru ya bari. A ƙauyenmu, Ɗorawar Sabo, gefen Tsanyawa, gona tana manne da gona, ba inda za ka ajiye akuya ba ta ci na wani ba. Ƙasa ba ta kwana a wajenmu. Wanda ya zuba taki ya yi shuka, shi ke girbi. In ya girba sau biyu, sau uku, sai ka ji sunan gonar ya canja a bakin mutane, ba tare da an yi faɗa ko an je gaban alƙali ba. Irin kuwa 'yan zangarniyar gero ne da suka nuna a ƙarƙashin gawon gonar a bara, shekarar da ruwa ya ɗauke kuma mahaifina ya rasu. Inna ta sussuke su, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ita da Asama'u sun ci ganyen tafasa, sun ci dusa, tulun yana ƙarƙashin gado.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da Baba ya rasu na bar makaranta ina aji ɗaya na sakandare, na dawo gida, na kasa zama. Gidan ba abinci, ba magana. Na riƙa bin motocin kaya daga Tsanyawa zuwa Bichi, daga Bichi zuwa Kano, ina kwana inda dare ya same ni. Wata ranar kasuwa muka yi dambe da wani ɗan dako, aka kama mu. Shi ubansa ya zo ya karɓe shi. Ni wani jami'in walwala ya rubuta a takarda cewa ba ni da mai kula da ni. Aka kai wa Inna takardar, aka ce mata a can ana cin abinci sau biyu kuma ana koyon sana'a. Ta dangwala.

A Tudun Marke ɓangaren ƙira aka sa ni, ƙarƙashin Baba Ranau. Tsoho ne baƙi, gajere, hannunsa duk tabon wuta. Ba ya salla tare da mu, ranar Lahadi yakan sa farar riga ya hau keke ya tafi coci a wani ƙauye. Shi ya fi kowa daɗewa a wurin, har darbejiyar bakin ƙofa ya girme ta.

Washegarin zuwan Inna ina zuga masa wuta, na kasa riƙe hannu daidai, gawayi yana ta tashi.

"Kai ɗan Tsanyawa, zugazugin ne ya zagi ubanka?"

Na gaya masa komai. Sai da ya gama bugun ƙarfen da ke kan uwar maƙera, ya tsoma a ruwa. Sannan ya zauna a kan kututture.

Ya ce 'yan mishan ne suka gina wurin tun zamanin Turawa, don yaran Kiristocin ƙauyukan Maguzawa waɗanda iyayensu suka mutu ko suka kasa riƙe su. Ana koya musu kafinta da ƙira da ɗinkin takalma, safe da yamma ana addu'a. Daga baya gwamnati ta karɓe, ta mai da ɗakin ibadar sito, ta fara kawo irinmu. Shi yana ɗan shekara bakwai aka kawo shi a bayan jaki, a wata shekarar yunwa, bayan rasuwar ubansa. Nan aka raɗa masa Istifanus.

"Ba su cuce ni da gangan ba," in ji shi. "Sun ci da ni, sun tufatar da ni. Da na kai sha tara na ɗauki akwatina na koma garinmu. Na tarar da dawar wani tsaye a gonar ubana, ta fi ni tsawo. Na je wajen dattawa, suka ce, to wa ya san ka? Shekara goma sha biyu ba ka saran ƙasa ko sau ɗaya ba. Kwana uku na yi na dawo. Na iya karatu, na iya waƙoƙin coci, na iya ƙera ƙusa da ƙyaure. Inda zan tsaya in ce nan nawa ne, shi ne ban da shi."

"To me zan yi, Baba?"

"Ni malamin ƙira ne. Zuga wutar."

Da yamma na je ofishin shugaban makaranta, Malam Kamilu. Mutumin birni ne mai tabarau, ba ya duka sai ta kama, kuma da gaske ya yarda yana taimakonmu. Na durƙusa na ce kwana goma nake roƙo, in je in yi shuka in dawo.

"Shuka," in ji shi. Ya cire tabarau ya goge. "Muntaka, ka ga abin da noma ya yi wa mutane bara? Ka ga matan da ke tahowa daga arewa da goyo, suna bin gidaje? Duk manoma ne. Kai nan za ka fita da sana'a a hannunka."

"Malam, in ban je bana ba, gonar ta tafi."

"Takardarka ta ce ba ka da mai kula da kai. Hannun wa zan sake ka?"

"Hannun uwata."

"Uwarka ce ta dangwala." Ya mai da tabarau. "Kuma ina da aiki da kai. Ranar Alhamis ta sama manyan baƙi za su zo daga Kano. Kai ka fi kowa iya karatu a nan, kai za ka karanta jawabin ɗalibai. Ungo, ka haddace."

Na karɓi takardar na fita.

Inna ta gaya min ta sayar da kayan noman Baba tun da rani, har sungumi, don haka ko na isa gida ba ni da abin saran shuka. A maƙerarmu kuwa ba a ƙera sungumi. Littafin koyarwa zanen fartanya iri ɗaya ne tak a cikinsa, mai faɗin baki, ana zura mata ƙota miƙe kamar shebur. Ita muke bugawa kullum. Babu manomin da ya taɓa saye, wanda ya gwada ya ce bayansa ya kusa karyewa. Suna nan jibge a tsohon ɗakin ibada har kusan taga, suna tsatsa.

Na ɗauki guntun sifirin na mota a cikin tarin ƙarafa na sa a wuta. Baba Ranau ya gani, ya juya baya yana gyaran awartaki. Da na fara bugawa, bai waiwayo ba ya ce, "Ka cika faɗi. Sungumi kake yi ko faranti?" Na rage. Ya ce, "Lanƙwasa wuyan, ko so kake ka sari ƙafarka?" Kwana uku ina yi a tsakanin aikin fartanya. Ƙota kuwa na saro reshen marke ranar da aka kai mu itace.

Ranar Alhamis aka ba mu sabon kaki, aka ce da yamma za a karɓa. Aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka jera teburan kayan da muka yi. Aka wangale babbar ƙofa don motoci, ƙofar da tun zuwana ban taɓa ganin ta a buɗe ba sai in motar abinci za ta shigo. Da muka fito layi na hango sungumina a kan teburin ƙira, a tsakiyar fartanyoyin littafi. Baba Ranau yana tsaye a bayan tebur, hannu a baya, yana kallon sama.

Baƙin su biyar ne. Babbansu wani Alhaji ne mai ƙiba da babbar riga ruwan toka. Malam Kamilu ya zaga da su, sannan ya yi jawabi. Ya ce mutane suna kiran wurin nan gidan horo, alhali makaranta ce. Ya ce nan ba kurkuku ba ne, ga ƙofa nan kowa yana gani, yaran nan da son ransu suke zaune domin sun san abin da suka baro. Aka tafa. Aka kira ni.

Na tsaya a gaban tebur na buɗe takarda. Na karanta layin farko da ƙarfi yadda aka koya min. "Mu yara ne da ba mu da kowa, ba mu da komai, an tsince mu a kan titi."

Na tsaya. Na naɗe takardar na sa a aljihu.

"Ranku ya daɗe, ni sunana Muntaka ɗan Basiru, daga Ɗorawar Sabo. Ina da uwa, sunanta Hure, tana da rai. Ina da ƙanwa. Ina da gona. Gabas ta yi iyaka da ta Liman, yamma da burtali, kudu akwai jerin gamba da kakana ya dasa tsakaninta da gonar baffana, a tsakiyarta akwai gawo. Wanda bai yarda ba ya zo in nuna masa."

Wani yaro a baya ya yi 'yar dariya, aka make shi. Malam Kamilu ya yunƙura zai tashi, Alhajin ya dafa gwiwarsa.

"To, mai gona," in ji Alhajin yana murmushi, "sai me?"

"Yallaɓai, abin da Malam ya faɗa yanzu, cewa nan ba kurkuku ba ne, gaskiya ne?"

Ya dubi Malam Kamilu, ya dubi sauran baƙin. "Gaskiya ne mana."

"To na gode."

Na je teburin ƙira na ɗauki sungumina na saɓa a kafaɗa. Daga tebur zuwa ƙofa bai fi taku sittin ba, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Ban yi gudu ba, na san in na ruga za a ce a kama. Mai gadi ya miƙe, ya leƙa wajen Malam Kamilu yana jiran umarni. Ba wanda ya ce masa komai. Na wuce ta gabansa na ce, "Sai wata rana, Baba." Ya ce, "Yayan Asama'u, Allah ya tsare," a hankali, kamar mai tsoron a ji.

Na bi hanyar ƙasa, na kauce wa titi. Ko'ina gonaki a share, fari fat, ana jiran ruwa. Na ga rijiyoyin da mata suka zagaye suna jiran ruwa ya tsattsafo, na ga mushen shanu a bakin burtali. Na kwana a zauren wani masallaci bayan Bichi, washegari da hantsi na shiga Ɗorawar Sabo da kakin gwamnati a jikina.

Ban fara shiga gida ba, gona na wuce. Tsibin taki ne jere tun daga gamba har gindin gawo, an share kara, an ƙona ciyawa. Baffa ya gama komai, ruwan shuka kawai yake jira. Da ruwa ya sauka, shi da 'ya'yansa huɗu za su gama ta kafin hantsi, ni ina sara layi na biyu.

Na shiga gida. Inna tana tsinkar ganyen zogale, ta gan ni ta saki ƙwaryar.

"Sun sake ka?"

"Na sako kaina. Inna, fito da tulun."

"Ba a yi ruwa ba."

"Binne zan yi."

Ta zauna daɓas a kan turmi. Kowa ya san binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, ya kwanta yana jira. Masu rumbu cike ne ke yin sa, don in ya lalace suna da na sakewa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ka riga kowa. In aka yi yayyafi kaɗan ya ɗauke, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi, shi ke nan. Mu kuwa abin da ke cikin tulun shi ne iyakarmu. Amma akwai abu ɗaya da ko mahaukaci ba ya yi a ƙasarmu: ba a tone shukar wani, ba a kuma shuka a kanta.

"In ya mutu fa?" in ji Inna.

"In na jira ruwa ma gonar ta tafi. Gara ya mutu a cikin ƙasar Baba da ya zauna a ƙarƙashin gado."

Ta miƙe daga kan turmi. Sannan ta shiga ɗaki, na ji tana jan tulu. Ta fasa lakar da taɓarya, ta sheƙe tokar, ta juye geron a ƙwarya. Na miƙa hannu in karɓa, ta hana.

"Wa zai bi ka da iri? Kai kana sara kana zubawa, sai gobe." Ta ɗauki mayafi ta ɗaure a ƙugu. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya, Inna ba ta taɓa taka gona da sunan aiki ba.

Muka fara rana tsaka, ana dawowa daga masallacin Juma'a. Ina gaba ina sara, taku ɗaya sara ɗaya, ƙura tana tashi. Tana baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Da farko tana zuba da yawa, na ce ta rage. Ta ce, "Kai ka kula da layinka, ya karkace kamar hanyar maye." Kafin mu gama layi na biyar burtali ya cika da mutane.

"Binne da irin ƙarshe?" na ji wani yana cewa. "Wannan abin da aka koya masa ke nan a makarantar?"

"Ku dubi Hure, jama'a."

Baffa Usaini ya iso da rigar Juma'arsa, yana haki. Wan mahaifina ne, dogo, baki goma sha ɗaya yake ciyarwa a gida, shi ma ya rame kamar kowa. Ya tsallako gamba ya tsaya a gabana.

"Kai, ɗan nan, ajiye abin nan."

"Ina wuni, Baffa." Na kewaye shi na ci gaba da sara.

"Ban da rashin kunya ba abin da ka koyo? Takin wa kake takawa?"

"Naka ne, Baffa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta ubana ce."

"Ubanka ƙanena ne! Ni na goya shi! Ina kake lokacin da ake share gonar nan? Kana saman mota kana cin ƙosai." Ya juya wajen Inna. "Hure, ke ma? A gona, gaban maza? Basiru bai shekara a ƙasa ba."

Inna ba ta ɗago ba. Ta jefa iri ta take. "Yaya, da yana sama da ba ka kawo jakinka ba."

Wani a burtali ya ce, "Af!" Baffa ya kama ƙotar sungumin. Na riƙe, ya riƙe. Ban ja ba, ban sake ba, ban kuma ɗaga ido na kalle shi ba, don kada a ce na yi wa wan ubana tsaurin ido. Muna haka Liman ya shigo tsakani ya ce a bari mai gari ya zo. Baffa ya saki. Kafin a je a kira mai gari a dawo, mun ƙara layi tara.

Mai gari Muhammadu Sani ya zo bayan la'asar, aka shimfiɗa masa buzu a gindin gawo. Ya saurari Baffa, ya saurare ni. Ya tura yatsa a rami ɗaya ya tono ƙwayar gero, ya duba, ya mayar ya rufe.

"Usaini, ka zuba taki, ba wanda ya musa. Yaro kuma ya riga ka sa iri. Iri ya shiga ƙasa, ba a tonewa, ka sani na sani. Ga abin da za a yi. In binnen ya fito ya tsaya, gonar Muntaka ce, bana da baɗi. In ƙasa ta cinye, kai ka shuka a kan takinka, kada in ji bakin kowa. Takin kuwa naka ne, in ka ga dama kwashe yau."

Baffa ya dubi sama. Babu ko ɗigon gajimare. "A bar shi," in ji shi. "Wahalar kwasa biyu ta me? Nan da sati uku ni zan baza shi."

Kwana biyar bayan haka hadari ya haɗo daga gabas da yamma, baƙi ƙirin, iska ta taso. Na tsaya a tsakar gida ina cewa Allah ka sa mai yawa ne. Ruwan ya sauko kamar da gaske, ya jiƙa rufin ɗaki, ya tada ƙamshin ƙasa, ya ɗauke. Ko a kwata bai gudu ba. Na je gona na tura yatsa. Laimar ta kai gaɓa biyu, daidai inda irin yake. Ba wanda ya fita shuka a garin, kowa ya san wannan ba ruwan shuka ba ne. A kwana na uku geron ya tsiro, layi layi, kore shar, kyakkyawa kamar abin arziki. Mutane suna wucewa ta burtali suna girgiza kai.

Daga nan sama ta bushe. Kullum da sassafe ina gona, ba abin da zan iya yi sai kallo. Ganyen ya fara naɗewa kamar tsinke. Ɓangaren tudu, wajen gonar Liman, ya fara yin ja.

A kwana na shida da tsirowa na hango keke a burtali. Baba Ranau ne. Ya jingina keken da gawo, ya tsuguna ya shafa wani tsiro da bayan yatsa.

"An aiko ka ka tafi da ni, Baba?"

"Kai? An soke sunanka tun ranar. Malam ya ce ba ya son mai ba shi kunya gaban baƙi." Ya share gumi. "Kaki aka ce in karɓo, da ƙarfen makaranta."

Na tuɓe rigar nan take na ba shi, na ce wandon sai mun je gida. Na ɗauko sungumin na buga ƙeyarsa a saiwar gawo, ƙarfen ya fita daga ƙota, na miƙa masa. "Ya gama aikinsa. Ƙotar tawa ce, a daji na saro."

Ya juya ƙarfen a hannu. "Har yanzu ya cika faɗi." Ya ɗaure a bayan keke. Ya tsaya ya dubi gonar tun daga gamba har burtali, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Nan ne gabas ɗin da ta yi iyaka da Liman?" Na ce nan ne. Ya gyaɗa kai. Inna ta dama masa kunun dusa, ya sha ya tafi.

Kwana goma sha ɗaya tsiron ya yi ba ruwa. Tudun duk ya mutu, in ka taɓa sai ya murƙushe. 'Ya'yan Baffa suka fara wasa sungumansu a ƙofar gida, inda zan gani. Rana ta goma sha biyu, da hantsi, ruwa ya sauko, irin wanda ke cika kwata ya shiga zaure. Ya wuni yana yi.

Washegari gari duk ya fita shuka. Baffa da 'ya'yansa suka zo suka tsaya a bakin gamba da ƙoren irinsu, ba su shigo ba. Mai gari ya zo, ya naɗe ƙafar wando, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ni da Liman muna biye. A tudu ba komai. A gangare, wajen burtali, tsiro ɗaya nan ɗaya can sun miƙe. A kewayen gawo kuwa layukan suna nan kusan cikakku, sun buɗe ganye cikin dare ɗaya. In an haɗa duka bai fi kashi ɗaya cikin uku ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai mutuwa ce," in ji Baffa daga bakin gamba. "Dubi tudun."

"Na duba tudun, Usaini. Na ce in ya fito ya tsaya. Ban ce in ya cika gona ba." Mai gari ya nuna gindin gawo da sandarsa. "Wancan a tsaye yake ko a kwance?"

Baffa ya kau da kai. Mai gari ya sauke sandarsa.

"Gonar Muntaka ce."

Da azahar Baffa ya dawo da jaki da mangala. Ruwa ya riga ya zaftare tsibin, rabin takin ya bi ƙasa, amma ya durƙusa yana kwasar abin da ya saura da hannu da ƙoƙo, tsibi bayan tsibi. Na zo na riƙe masa bakin mangalar. Bai hana ba, bai kuma kalle ni ba. Da ya ɗaure na ƙarshe ya tsaya yana duban tudun da ba komai.

"Geron nan ba zai kai ku wata biyu ba."

"Na sani, Baffa."

"Tudun fa? Haka za ka bar shi, ƙasa tana kallon sama?"

"Wake zan sa. Liman ya ce zai ba ni iri in na yi masa noman fari."

"Da wace fartanyar?"

"Zan ƙera."

Ya yi tsaki, ya daki jakin. Sai da ya kai burtali ya waiwayo. "Ka cire ciyawar gindin gamban nan kafin ta shigo min gona."

"Ta wajena zan cire, Baffa," na ce. "Ta wajenka taka ce."